Diyyar Hannun Dama

Shekarata ɗaya da 'yan watanni a New York lokacin da Gloria ta fara damuna da maganar jirgin ruwa. A 1974 ne, ana tsakiyar zafi. Ni nas ce. Daga Kaduna aka turo ni in koyi aikin ɗakin tiyata, na baro mijina Malam Yusha'u yana koyarwa a sakandare, da 'yarmu Rabi wadda a lokacin ko magana ba ta gama iyawa ba. Danginsa ba su so tafiyar ba. Shi ya tsaya kai da fata ya ce sai na tafi, har ya yi wata guda ba ya shiga gidan yayansa saboda maganar.

Ɗaki ɗaya nake haya a unguwar Tremont, a gidan wasu Hausawan Kumasi, Baba Seidu direban tasi da matarsa Mma Memuna. Daga ɗakin nan sai jirgin ƙarƙashin ƙasa, sai asibiti, sai aji, sai in dawo. Gloria 'yar Jamaika ce, tare muke aiki, kuma ita kaɗai ce ke iya sa ni dariya a wurin.

Wata rana muna cin abincin rana ta ce, "Saude, in kin koma Afirka aka tambaye ki me kika gani a Amurka, me za ki ce? Hanjin mutane?"

Tafiyar mako guda ce zuwa tsibirin Bermuda, a ɗaki mai arha can ƙasan jirgin, mu biyu. Ban taɓa ganin teku ba sai ta tagar jirgin sama. Na rubuta wa Malam na gaya masa, amma jirgin ya tashi kafin amsarsa ta iso.

Ba zan ce ban ji daɗin kwanakin farko ba. Na ci abinci ba tare da na dafa ba, na yi barci ba ƙararrawa. Ranar liyafar kyaftin na ɗaura atamfata mai ruwan goro, matan Turawa suna taɓa ɗankwalina suna tambaya yadda ake ɗaura shi. Mai hoton jirgin ya bi tebur-tebur yana ɗauka.

A hanyar dawowa teku ta canza. Bayan la'asar na sami Gloria a mashayar jirgin, na zauna kusa da ita ina shan lemo, don an ce yana rage tashin zuciya. Bai rage ba. Na ce mata zan fita in sha iska. Ƙofar fita waje ta ƙarfe ce, mai kauri, kuma ƙugiyar da ke riƙe ta a buɗe ta karye, sai suka ɗaure ta da igiya a jikin bango. Ina sa ƙafa a bakin ƙofar, sai jirgin ya karkata, na kai hannun dama na dafa gefenta don kada in faɗi. Igiyar ta tsinke.

Ƙarar na fara ji kafin zafin. Wani dattijo cikin ma'aikatan jirgin, yana goge ƙasa a kusa, shi ya ja ƙofar ya ciro hannuna, ya naɗe shi da tawul. Yana ta maimaitawa da guntun Turancinsa, "Na gaya musu. Tun wancan zuwan na gaya musu."

Likitan jirgin bai dubi fuskata ba. Yana ɗinki yana tambaya.

"Daga ina kika fito?"

"Daga mashaya, wajen ƙawata."

"Kofi nawa kika sha?"

"Biyu."

Bai tambaye ni kofin mene ne ba, ni kuma a halin da nake ciki ko sunana da ƙyar nake tunawa.

Da muka sauka New York aka wuce da ni asibiti. Yatsu biyu ba su tsira ba, manuniya da na tsakiya, na kusa da su kuma ya sandare har yau. Shugabar ɗakin tiyata ta zo duba ni da furanni, ta yi maganganu masu daɗi, amma ni da ita mun san nas ɗin da ba ta iya miƙa almakashi da sauri ba ta da wurin tsayawa a gaban likita. Aka mayar da ni tebur ina amsa waya. Karatun da na baro 'yata dominsa ya ƙare ke nan.

Da aka cire bandejin na tafi ofishin kamfanin jirgin, can ƙasan Manhattan, a wani bene mai tsawo da ake hango ruwa ta taga. Wani mutum mai laushin murya ya sa aka kawo mini shayi. Ya ce kamfanin ya yi matuƙar baƙin ciki, kuma don nuna haka sun yanke shawarar ba ni tikiti biyu kyauta, duk tafiyar da na ga dama, a ɗaki mai taga. Na ɗora hannun a kan teburinsa. Ya dubi ruwa ta tagar, ya ce tikitin suna aiki har shekara guda.

Baba Seidu ne ya samo mini lauya, ta wajen direbobin da suke jiran fasinja tare a filin jirgin sama na JFK. Sunansa Mista Dolan. Ya ce ba zai karɓi ko sisi ba sai an ci, in an ci kashi ɗaya cikin uku nasa ne. Ranar farko har bakin lif ya rako ni, yana cewa shari'a irin wannan a aljihu take. Bayan haka sakatariyarsa na fi gani. Kullum yana kotu, ko ya fita yanzun nan, ko in kira ranar Litinin.

Sanyi ya shigo ya same ni a haka. Ba wanda ya gaya mini yatsun da aka yanke suna ciwo. In dusar ƙanƙara ta sauka sai in ji suna zugi a inda babu su, in kai hannun hagu in sosa iska. Maɓallin riga ya zama aiki. Abinci kuwa shi ya fi komai ƙona mini rai. Ba na iya yin loma da dama, hagu kuma zuciyata ta ƙi, sai na koma shan shayi da burodi a ɗaki, ina ramewa. Wata rana Mma Memuna ta turo ƙofa da kwanon tuwo da miyar kuɓewa, ta zauna a bakin gado. Hausarsu ta Zango ba ta raba mace da namiji, kowa "kai" ne a bakinta.

"Sista, ka ci. Allah da ya karɓi wannan ya san wanda ya bar maka. Ka ci da shi."

Ta zauna har na cinye, tana ba ni labarin wata maƙwabciyarsu a Kumasi, ba ta dubi hannuna ko sau ɗaya ba. Watannin da albashina ya ragu ba ta taɓa ɗaga maganar haya ba.

Sai da shekara ta zagayo aka kira ni zaman tambayoyi. Ba kotu ba ce, wani ɗaki ne a ofishin lauyoyin kamfanin, da dogon tebur, da wata mata a gefe tana buga duk abin da aka faɗa. Na shirya in yi bayanin ƙofa da igiya. Ba su ɓata lokaci a kan ƙofa ba.

Babban lauyansu ya karanta abin da likitan jirgin ya rubuta: an kawo ta daga mashaya, ta ce ta sha biyu, tana tangaɗi.

Na ce, "Lemo ne. Ni Musulma ce, ban taɓa sa giya a bakina ba."

"Ba mu ce kin saba ba. Mutum yana hutu, yana nesa da gida."

Ya turo mini hoto. Ni ce a liyafar kyaftin, da kofin gilashi mai dogon wuya a hannu, ina dariya. Wani tsohon Bature da aka zaunar kusa da ni ya ɗora hannu a bayan kujerata.

"Wane ne wannan?"

"Ban san shi ba. Haka aka tsara kujerun."

"Mijinki ya san kin yi wannan tafiyar?"

"Na rubuta masa."

"Ya amince?"

Matar nan ta tsaya da bugawa tana jira. Na dubi Mista Dolan. Yana zana wani abu a gefen takardarsa.

Da muka fito ya ce kada in damu, haka suke yi wa kowa. Ya ce in dai za a nuna mutum ya sha, rabin laifin ya koma kansa, rabin kuɗin kuma ya tafi. Na tambaye shi dattijon nan mai goge ƙasa, wanda ya ce ya gaya musu. Ya ce sun nema, kamfanin ya amsa cewa kwantiraginsa ya ƙare ya koma ƙasarsu, ba su san inda yake ba. Igiya kuwa, sun ce ba a taɓa ɗaure ƙofa da igiya a jirginsu ba. Abin da ya rage, in ji shi, in samo wani babba cikin mutanena, mai muƙami, mai kwat, ya zo ya shaida halina.

Babban da muke da shi a lokacin Alhaji Mudi ne. Ɗan Arewa ne, babban ma'aikaci a ɗaya daga cikin ofisoshin ƙasashen nan da ke Manhattan, kuma a gidansa 'yan Arewa ke taruwa da Sallah. Sau da yawa na tuƙa tuwo a kicin ɗinsa tare da matarsa. Na je ranar Lahadi da hantsi, na durƙusa na gaishe shi, na yi masa bayani tun daga farko. Matar tasa tana tsaye a bakin ƙofar falo da faranti a hannu.

Ya saurara har na gama, sannan ya gyara zama.

"'Yata, ni ban ce kin sha ba. Amma in suka tambaye ni, ina wurin? Ba na wurin. Kuma aikinmu ba ya son a ga sunan mutum a takardun kotu."

"Baba, halina kawai za ka faɗa. Abin da ka sani."

"Abin da na sani shi ne gwamnati ta turo ki karatu. Matar aure, da 'ya a gida. Me ya kai ki jirgin shaƙatawa? Me ake yi a can in ba rawa da sha ba? Ni shawarata ki bar maganar nan, ki rufa wa kanki asiri."

Ya sa direbansa ya kai ni tashar jirgin ƙasa.

Ni da bakina na kai labarin gidan, ban kuwa san inda zai tsaya ba. Da Babbar Sallah na je kamar kullum. Na shiga kicin, hira ta mutu. Wata matar ɗalibi da na taɓa kwana da ita a asibiti ranar haihuwarta ta janye ɗanta daga kusa da ni, wai kada ya fama mini ciwo. Ina zuba ruwa na ji wata daga bayana tana cewa ƙasa-ƙasa, "Har da hoto fa, an ce." Ban jira nama ba na fito.

Mutanen ofishin Alhaji kullum suna kan hanyar gida. Ba a yi wata biyu ba wasiƙar Malam ta zo, gajeruwa, ya ce in kira shi a wayar shugaban makarantarsu ranar Asabar. Layin yana ta shuu kamar ana ruwa, muryarsa tana zuwa tana ɓacewa.

"Saude, maganar ta cika gari. Har a masallaci an tare ni."

"Malam, ƙarya ce. Wallahi lemo ne."

"Hajiya ta zo ta tafi da Rabi Zariya. Ta ce ba za ta bar ta ba."

Hajiya ita ce mahaifiyarsa. Na ce, "Kai fa? Kai me ka ce?"

Layin ya yi shuu. Na ɗauka ya yanke. Can na ji ya ce, "Ki gama ki dawo."

Daga ranar na daina neman kuɗi. Na gaya wa Mista Dolan abin da nake so shi ne kamfanin ya rubuta cewa ban sha ba. Ya dube ni kamar na yi masa wani yare.

Baba Seidu, da ya ji yadda muka yi da Alhaji, sai ya ciro babbar rigarsa ta Juma'a ya ba Mma Memuna ta goge. Ya bar aikin yini guda ya bi ni zaman na biyu. Suka bar shi a benci tun safe har bayan azahar. Da aka shigar da shi ya ɗaga hannu ya rantse, ya ce yarinyar nan a gidansa take, da asuba ƙarar butarta ke tashinsa, ko kwalbar giya ba ta taɓa shiga gidan ba. Lauyan ya bar shi ya gama.

"Kana cikin jirgin?"

"A'a."

"Mun gode."

A hanyar gida ya yi ta ba ni haƙuri, kamar shi ya yi laifin.

Gloria ma ta ba da shaida. Gaskiya ta faɗa, gaskiyar kuma ba ta taimake ni ba. Ta ce lemo ta ga ina sha. Suka tambaye ta ita nawa ta sha, ta faɗa. Suka tambaye ta ko za ta iya rantsuwa a kan abin da ke cikin kowane kofi a teburin, alhali ita kanta ta sha haka. Ta ce ba za ta iya ba. A bakin lif ta rungume ni tana kuka tana cewa ita ta ja ni. Ban iya ce mata "ba komai" ba. Bayan haka in ta hango ni a asibiti sai ta canza hanya, ni ma ban bi ta ba.

Farkon 1976, izinin zamana na gab da ƙarewa, kamfanin ya aiko da tayin sulhu. Sun san ranar da takarduna za su mutu, sun kuma san shari'ar gaban alƙali ba za ta zo kafin nan ba. Za su biya, amma ba su amsa laifin komai ba, ni kuma ba zan ƙara ɗaga maganar ba har abada.

Na ce wa Mista Dolan, "Su ƙara layi ɗaya. Su ce ba su da hujjar na sha giya. Ko su rage kuɗin."

Ya ɗaga waya a gabana. Ya yi magana, ya saurara, ya yi dariya, ya rufe bakin wayar da tafin hannu.

"Albishirinki. Ba za su rubuta ba, amma sun ƙara kuɗin."

"Ba kuɗi na ce ba."

"Madam, ba wanda zai taɓa karanta takardun nan. A ɗakin ajiya za su ruɓe. Ki karɓa ki tafi gida."

Na sa hannu da hagu, rubutun kamar na ɗan aji ɗaya. Ya cire kasonsa, ya cire abin da ya kira kuɗin ɗawainiya, asibiti suka cire nasu. Abin da ya rage na biya Mma Memuna hayar da ta ƙi tambaya, sai da muka yi rigima kafin ta karɓa, na sayi tikitin gida da 'yar tsaraba. Baba Seidu ya kai ni JFK, ya ƙi kunna mita, ya ɗaukar mini akwati har inda aka hana shi wucewa.

A Kano na sauka. Malam ya zo tarona da motar wani abokinsa, shi kaɗai. Ya rame, furfura ta fito masa a gefen kunne. Na tambayi Rabi, ya ce tana Zariya, gobe za mu je, Hajiya ta yarda in gan ta. Muka kama hanya. Ni kuwa tun daga cikin jirgi nake tsara yadda zan ba shi labarin, tun daga ƙugiyar da ta karye har ɗakin tambayoyi, dalla-dalla, don shi kaɗai ne ya rage wanda nake so ya ji.

Bayan mun wuce Kura ya sauka gefen titi ya kashe mota. Ya ce in nuna masa. Na zaro hannun daga cikin mayafi. Ya riƙe shi da hannayensa biyu, a hankali, yana shafa wurin ɗinkin da babban yatsansa, idanunsa suka kawo ruwa. Tun da abin ya faru ba wanda ya riƙe hannun nan in ba likita ba.

Na ce, "Malam, bari in gaya maka yadda aka yi."

Ya girgiza kai.

"A'a, Saude. Ba sai kin faɗa ba. Na yi tunani, na yi addu'a, na kuma gaya wa su Hajiya ba zan sake ki ba, kowa ya faɗi abin da zai faɗa. Ƙuruciya ce da zaman kaɗaici a ƙasar mutane. Abin da ya wuce ya wuce. Na yafe miki."

Na dube shi. Fuskarsa cike take da tausayi, ya yi abin da yake ganin shi ne mafi girman alherin da ya taɓa yi a rayuwarsa, kuma ya sha wuya kafin ya kai ga yin sa. Wata babbar mota ta wuce ta girgiza mu. Na tuna gobe za a kai ni in ga 'yata, in Hajiya ba ta canza ra'ayi ba.

Na ce, "Na gode, Malam."

Ya tada mota. Mun yi shekara talatin da wani abu tare bayan nan, mun ƙara 'ya'ya uku, bai taɓa goranta mini ba ko da wasa. Har ya koma ga Allah bai tambaye ni me ke cikin kofin ba.